Tsakanin Kano Da Ikko, Wace Ta Fi Girma?

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a zangon Hausawa na Agege, watau tsakanin Kano da Ikko wace ta fi girma. Wanda ya fi kowa riƙe ta kuwa wani dattijo ne Bakano, mai fataucin goro, wanda jirgin ƙasa ya sauke shi a Agege tun yana saurayi. Nan ya yi aure, nan ya ga 'ya'ya da jikoki, amma har gobe idan ya ce "gida", tumbin giwa yake nufi.

Da aka zo ƙidayar jama'a ta watan Maris na 2006, sai ya rufe rumfarsa, ya hau mota ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000, don kada a rubuta sunansa a garin wasu. Sakamako ya fito: Jihar Kano mutum miliyan 9.4, Jihar Ikko miliyan 9.1. Gwamnatin Ikko ta ce ba ta yarda ba, nata lissafin ya haura miliyan 17. Shi kuwa dattijo ya dawo yana taku ɗai-ɗai, a ganinsa shari'a ta ƙare.

Babban ɗansa, wanda malamin makaranta ne, shi ya ɓata masa lissafi, cikin ladabi. Ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ai jiha aka ƙidaya, ba gari ba." Gaskiyarsa kuwa. Faɗin Jihar Kano ya kai murabba'in kilomita 20,000, da Rano da Gaya da Bichi da Ɗambatta duk a ciki, har Doguwa can iyakar kudu. Ta Ikko ba ta wuce 3,600 ba, kuma wani sashe nata ruwa ne. In aka ware ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka zama birnin Kano da kewayensa, mutanensu wajen miliyan 2.8 ne a wannan ƙidaya. Ƙananan hukumomi 16 na birnin Ikko kuwa sun kusa miliyan 8. Ashe takarda guda ce ta ba Kano nasara a shafin farko, ta ƙwace a shafi na biyu.

Abin dariya a nan shi ne, shi kansa malamin ba a Ikko aka ƙidaya shi ba. Tsadar haya ta kora shi Ibafo, kullum da asuba yana shiga Ikko aiki, amma a takarda mutumin Jihar Ogun ne. Gari ya tumbatsa ya tsallake iyaka, alƙalamin gwamnati ya tsaya a bakin gada. Uba da ɗa duk a Ikko suke cin abinci, ba ko ɗaya cikinsu da ya shiga lissafinta.

Da dattijo ya ga adadi ya juya masa baya, sai ya koma ga tarihi, inda ya fi ƙarfi. Tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, aka ɗora harsashin ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, ya kafa kasuwar Kurmi. Baturen nan Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta mutanen birnin 30,000, ya ce sukan ninka da rani sa'ad da ayari suka sauka. Amma shi ma ya lura yawancin filin da ganuwa ta kewaye gonaki ne da fako. Ko a wancan zamani ke nan, faɗin gari daban, yawan mutanensa daban. Sa'an nan girma ba rawanin gado ba ne. A ƙidayar 1952 Badun ce ta ɗaya a ƙasar nan da mutum 459,000, Ikko ba ta kai 300,000 ba, Kano kuwa wajen 130,000.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, ba kuwa a sa ta a sikeli. Ya ce, "Kai yaro, gari sai da cibiya. A Kano in mutum ya ce zai shiga gari, ko jariri ya san inda ya nufa. Ka hau Dala, ga Kurmi, ga Gidan Rumfa, ga masallaci, ido ɗaya ya ɗauke su. To, nuna mini cibiyar Ikko." Tambayar ba ta da sauƙi. Fadar Oba tana Isale Eko, gwamnatin jiha ta koma Ikeja tun 1976, ta tarayya ta tashi zuwa Abuja a 1991, jiragen ruwa suna Apapa, manyan bankuna suna tsibirin Victoria. Mutum zai shekara 30 a Agege bai taka Isale Eko ba, ba kuma abin da ya rasa.

Malamin bai musa ba. Ya dai tuna wa mahaifinsa cewa yawancin Kanawan yau a wajen ganuwa suke kwana, Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari sun janye cinikin da Kurmi ta saba yi, ganuwar ma an cinye ta da gine-gine a wurare da yawa. Dattijo ya ɓare goro, bai ce uffan ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hirar cin goro ce kawai. Yawan jama'a yana cikin ma'aunin rabon kuɗin tarayya, da shi kuma ake yanka mazaɓu. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Ikko 20 da tsarin mulki ya sani, ko da yake a Majalisar Wakilai kowace tana da kujeru 24. Duk wanda ya hau mota don a ƙidaya shi a gida, ya ɗauke rabon asibiti da famfo daga unguwar da jikokinsa ke kwana, ya kai inda ba ya zuwa sai da salla.

Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Dattijo ya riga ya ware kuɗin mota a lokacin, nasa da na jikoki uku, amma uwarsu ta ce ba inda za su, makarantarsu a Agege take.