Saƙar Mayafi Mai Duwatsu da Abin da Tsofaffin Hannu Suka Koya a Cikinta

Mayafi mai huji-huji wanda aka jera wa duwatsun ado shi ne aiki mafi cin rai a cikin saƙar tsinke da kwarashi. A gidajen Ikara da Maƙarfi da Kudan, abin da mata suka fi saƙawa kayan jarirai ne, wato hula da safa da rigar sanyi da shawul na ranar suna, kuma kasuwarsu tana tashi ne idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu. Mayafin manya mai duwatsu kuwa ba kowa ke tunkararsa ba. Sai wadda ta daɗe da zare a hannu, ta kuma iya bin ƙirgen da aka rubuta a takarda layi bayan layi ba tare da ta ƙosa ba.

Saƙar tsinke baƙuwa ce a ƙasar Zazzau, makarantun mishan da na gwamnati ne suka yaɗa ta a zamanin Turawa, daga baya cibiyoyin koya wa mata sana'a suka ƙara mata ƙarfi, musamman bayan shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta kafa a 1987. Amma hannun da ya karɓe ta ba baƙon zare ba ne. Wannan yanki ƙasar auduga ce tun kafin ya yi suna da rake da mazarƙwaila da tumatir. Kakannin masu saƙar yau sun gurje auduga, sun shiɓe ta, sun kaɗa ta da mazari da ɗan alli a yatsa, sun fitar da zare da abawa suna sayar wa masaƙa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin wannan kaɗi na matan aure a karkarar Zazzau. Zaren masana'anta, irin na masaƙun Kaduna da suka fara aiki a 1957, shi ya kashe kasuwar mazari. Abin da bai mutu ba shi ne ɗinkin hula, inda mace ke ƙirga zaren yadi ɗaya bayan ɗaya kafin ta soka allura. Galibin tsofaffin da suka gwanance a saƙar huji daga nan suka samo idon ƙirge.

Takardar samfur tana zuwa iri biyu. Akwai wadda aka rubuta da kalmomi, akwai wadda aka zana da ƙananan gidaje kamar allon dara, kowane gida yana tsaye a madadin madauki ɗaya na zare a kan tsinke. Ana karanta layin fuska daga dama zuwa hagu, daga ƙasa ana hawa sama, abin da bai ba wadda ta yi makarantar allo wahala ba. Hujin kansa abu biyu ne suke haifar da shi: a naɗa zare a kan tsinke a sami sabon madauki, sannan a haɗa madaukai biyu a saƙa su a matsayin ɗaya. Naɗin yana buɗe huji yana ƙara ɗaya, haɗin yana rage ɗaya, lissafi ya koma daidai. Duk ganye da fure da igiyar ruwa da ake gani a jikin mayafi, daga inda aka ajiye waɗannan biyu suke fitowa. Shi ya sa naɗi ɗaya da aka manta yake karkatar da duk abin da ya biyo bayansa.

Darasi na farko da shekaru ke koya wa mai saƙa shi ne takarda ba ta san hannunta ba. Wadda ta rubuta samfur a Ingila ko Amurka ta yi shi ne da zarenta da tsinkenta da irin jan hannunta. Wata hannunta na matse zare, wata na sakinsa, har mace ɗaya ma saƙarta ta ranar ɓacin rai ta fi ta ranar farin ciki tsauri. Don haka tsofaffin hannu ba sa fara mayafi sai sun saƙa ɗan gwaji mai faɗin tafin hannu, sun wanke shi, sun shanya, sun auna. Yarinya mai ɗoki tana ganin wannan ɓata yini ne. Ita ce kuma wadda za ta yi wata biyu tana saƙa, ta ƙare da mayafin da bai rufe kafaɗa ba.

Zare ma haka. A Shetland ta ƙasar Sukotlan da Orenburg ta Rasha, inda saƙar huji ta yi suna a duniya, ana amfani da gashin tumaki ko na awaki mai laushin da har ana zura mayafi sukutum ta cikin zoben aure. Abin da ake samu wurin 'yan koli a kasuwar Maƙarfi ko a shagunan Sabon Garin Zariya da na Kano yawanci ulun roba ne da zaren auduga na kwarashi. Ulun roba yana da araha, yana jure wanki, asu ba ya cinsa, amma yana da zafi a jiki lokacin bazara, kuma ba ya buɗe huji da kyau. Audugar ta fi dacewa da ƙasar nan, sai dai ba ta da talala, tana gajiyar da yatsu. Mai hankali tana sayen duk zaren da aikin zai ci a rana ɗaya, daga ƙunshi ɗaya, har da ɗan ƙari. Rini yakan saɓa tsakanin zubi da zubi ko da sunan launin ɗaya ne, kuma bambancin da ba a gani a cikin rumfa yana fitowa fili da rana a wurin biki. Mata da yawa sai sun yi zubin adashi kafin su iya wannan saye, kuma ya fi musu su jira kwasarsu da su fara da rabin kaya.

Duwatsun da ake sa wa irin wannan mayafi ƙananan na gilashi ne. Mafi daidaiton girma su ne na Japan da na ƙasar Cek, na Sin sun fi araha amma a cikin ƙulli ɗaya sai a sami masu toshasshen huji da masu kaifin baki da ke cin zare. Akwai kuma waɗanda launinsu fenti ne a sama kawai. Gwajinsu ba wuya: a jiƙa kaɗan a ruwan sabulu su kwana, a goga a farin ƙyalle. In sun zuba, to ba su shiga saƙa ba.

Hanyar sa su biyu ce, kuma masu saƙa sun daɗe suna saɓani a kai. Ta farko, a zura duwatsun duka a jikin zare kafin a fara, a riƙa turo ɗaya duk inda takarda ta nuna. Tana da sauri a lokacin saƙa, amma ɗaruruwan duwatsu suna ta gogar zaren ana tura su gaba, har ya yi gashi ko ya tsinke, kuma in an yi kuskuren jeri sai an yanke. Ta biyu, a ɗauki dutse da siririn kwarashi wanda bakinsa bai wuce milimita 1 ba, a cire madauki daga tsinke, a ja shi ta cikin dutsen, a mayar. Tana da nawa, tana kuma buƙatar haske, don haka ba aikin dare da fitilar waya ba ce. Amma dutsen yana zama daram, ana ganinsa ta fuska da ta baya, zare kuma ba ya wahala. Ita ce ta fi, kuma yawancin waɗanda suka daɗe a aikin a kanta suke ƙarewa.

A kan yawan duwatsu ne ake gane sabon hannu. Ƙuruciya tana son ko'ina ya yi walƙiya, sai mayafi ya yi nauyi ya riƙa zamewa daga ka, hujin ya miƙe ya ɓata zanen. Tsofaffi suna taƙaita su a bakin mayafi da tsakiyar kowane ganye, inda nauyinsu zai taimaka wa mayafin ya zauna. Kuma ba sa sa dutse ko ɗaya a kayan jariri, komai roƙon uwar jego, domin abin da ya ɓalle bakin yaro zai nufa.

Mayafi mai kusurwa uku ana fara shi ne daga wuya da madaukai kaɗan, ana ƙara huɗu a kowane layi biyu. Lissafin nan yana ɗauke da abin da ke karya zuciyar masu koyo. Bayan layi 100 an ƙara madaukai 200, bayan layi 200 an ƙara 400, layukan suna ta ƙara tsawo. Wadda ta kai rabin layukan takarda tana murna ta yi rabi, alhali kashi ɗaya cikin huɗu kawai ta yi. Rabin aiki na gaskiya sai an wuce kashi 70 cikin 100 na layukan. Yawancin mayafan da ke kwance a ƙasan akwati da tsinke a jikinsu a wannan tsakanin aka yar da su. Shi ya sa gwanaye ba sa yi wa uwar amarya alkawarin rana bisa saurin makon farko, kuma ba sa karɓar aikin biki in an riga an sa rana kusa.

Kuskure kuwa ba a tsere masa, dabara ita ce a rage abin da zai ci. Ana ɗaura ɗan zare mai wani launi a tsakanin kowane maimaicin zane, don in ƙirge ya ɓace a san a wane gida ya ɓace. Bayan kowane layi goma ko makamancin haka ana zura siririn zare ta cikin dukkan madaukan da ke kan tsinke a bar shi nan, ta yadda in warwara ta zama dole za ta tsaya a kansa. Saƙar huji in ta zube ba tare da wannan ba, kamo naɗe-naɗenta sai an sha wuya. Mace a tsakar gida ba ta da zaman da ba a katsewa, ga tukunya a murhu, ga yaro ya dawo daga talla, ga sallama a zaure, ga kiran salla. Ƙa'idar da aka gada ita ce kada a ajiye tsinke a tsakiyar layi, kuma a yi wa takarda alama da fensir kafin a tashi. Abin da ya raba tsohuwar hannu da sabuwa a nan shi ne saurin yarda a warware. Sabuwa takan ce ba wanda zai lura, ta ci gaba, kuskuren ya yi nisa har gyaransa ya koma na mako guda. Tsohuwa ta san ita za ta lura duk ranar da ta ga mayafin a kan mai shi.

Sa'ad da aka sauke saƙa daga tsinke, a cukurkuɗe take fitowa, zanen bai bayyana ba. Sai an jiƙa ta, an naɗe a tawul an matse ba tare da murɗawa ba, an shimfiɗa a kan katifa ko tabarma mai tsabta a inuwa, an ja kowane baki an kafe da allurai marasa tsatsa. Da hunturu a ɗaki ake yin wannan saboda ƙura, kuma bushewar ba ta ɗaukar lokaci. Ulun roba ba ya riƙe siffa da ruwa kaɗai, yana buƙatar tururin dutsen guga daga nesa, ba tare da ƙarfen ya taɓa shi ba, domin zafi kai tsaye narkar da shi yake yi.

Saura kuɗin aiki, inda masu saƙa suka fi cutuwa. Kasuwar Kantin Kwari ta Kano cike take da gyale na inji mai duwatsun manne a farashin da bai kai kuɗin zaren mayafin hannu ba, kuma mai saye da shi take kwatantawa. Ga kunya, wadda ke hana mace faɗin kuɗi ga 'yar uwa ko maƙwabciya. Waɗanda suka daɗe a sana'ar suna yanke ciniki tun kafin a sayi zare, suna karɓar kuɗin kaya a gaba, suna ware kuɗin hannu daban. In aikin na gudunmawa ne, sukan faɗa tun farko cewa kyauta ce, don kada a koma ana zancen bashi bayan biki. Suna kuma gaya wa mai mayafin yadda za ta kula da shi: wanki da hannu a ruwa mai sanyi, shanya a kwance, ajiya a ninke cikin ƙyalle, domin in aka rataye shi a ƙusa nauyin duwatsun zai ja shi ya tsawaita ta gefe ɗaya.