Daga Yamai Zuwa Damagaram: Kada Ka Yi Barci A Hanya

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma fa ga wanda idonsa ke buɗe. Na daɗe ina bin hanyar Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, a babbar mota: mu tashi da asuba, in yi ta gyangyaɗi, in sauka da dare da ciwon baya kawai. Da ƙanena ya samu mota, sai muka yanke shawarar mu yi tafiyar a kwana biyu, muna tsayawa.

Zangonmu na farko Kure ne, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A nan ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke. A 1996 ba su wuce 50 ba, amma da aka tashi tsaye wajen kare su, yawansu ya haura 600. Da damina suna kan tudun Kure, da rani kuwa sai su gangara Dallol Boso su ci ganyen gawo, tun da shi gawo da rani yake fitar da ganye. Direbobi, a sassauta gudu a nan, domin sukan tsallaka kwalta. Tun harin da aka kai wurin a watan Agusta na 2020, wajibi ne kuma a nemi shawarar hukuma kafin a ratse daji.

A Doso muka ga fadar Zarmakwai, sannan muka nufi Dogon Dutsi, inda duwatsu ke yi maka maraba tun daga nesa. A ƙasar Arewa ɗin nan Lugu take, garin Sarauniya Mangu, wadda ta yi arangama da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Daga nan na lura da abin da barci ya daɗe yana ɓoye mani: kwaltar nan kusan sawun wannan runduna ta bi. Birnin Ƙonni, inda muka kwana, ta sha wuta a hannunsu a watan Mayu na shekarar, aka hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. Yau gari ne na hada-hada, ga Illela ta Najeriya nan kusa.

Kashegari muka yi sammako. A Galmi buhunan albasa ne jere a bakin hanya, jar albasar nan da ta yi suna har ƙasashen bakin teku. Mai sayarwa ya ce mani: "Malam, taɓa wuyanta. In ya bushe, za ta daɗe ba ta ruɓe ba." A Madawa muka sayi tabarmin kaba, muka yi azahar a Maraɗi, garin Katsinawa, wanda ambaliyar 1945 ta sa aka tashe shi daga kwari zuwa tudu.

Bayan mun wuce Tasawa muka tsaya Maijirgi. A nan kaburburan Voulet da Chanoine suke, waɗanda sojojinsu suka bindige a watan Yuli na 1899. Ƙanena ya yi shiru, can ya ce: "Yaya, ashe nan abin ya ƙare?" Sau nawa na wuce ƙauyen nan ina minshari!

Da la'asar sakaliya muka shiga Damagaram, hedkwatar ƙasa har zuwa 1926, muka zarce unguwar Birni kafin duhu.

Shawarata ita ce: ka tashi da wuri, kada ka yi tafiyar dare, ka riƙe ruwa da takardunka, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto. In ka tsaya, ka yi sallama ka tambayi dattawan wurin, domin mafi yawan abin kallon hanyar nan ba shi da allo. In da yara a motar, a tashe su su gani. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.