Wasan Kwaikwayo Ba Kuɗin Ƙofa

A birnin New York na ƙasar Amurka akwai wani makeken lambu da ake kira Central Park. Idan lokacin zafi ya kama, akan gabatar da wasannin Shakespeare a cikinsa, a fili, ba rufi, kuma ba a karɓar ko anini daga mai kallo. Joseph Papp ne ya kafa ƙungiyar wasan a shekarar 1954.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rigimar 1959. Kwamishinan lambunan birnin, Robert Moses, ya dage sai an sanya kuɗin shiga, wai don 'yan kallo suna tattake ciyawa. Papp ya ce atafau. Magana ta kai kotu, aka kayar da shi, ya ɗaukaka ƙara ya yi nasara. A 1962 aka buɗe dandalin Delacorte, mai cin mutum kusan 1,800.

Ni dai ina bayan Papp, ko da yake hujjar Moses ba ta banza ba ce, domin gyaran ciyawa kuɗi ne. Sai dai kuɗin ƙofa, komai ƙanƙantarsa, lebura da ɗalibi yake fara kora.

Amma kyautar ma tana da nata farashin. Da yawa daga masu neman tikiti kan yi sammako su kafa layi har tsakar rana, wanda kuwa ke aikin yini ba shi da wannan sarari. Ga hadari kuma: in ruwa ya kece da ƙarfi, sai a watse.