Ƙato Bayan Ƙato a Ayowa

Ranar Alhamis, 3 ga Janairun 2008, bayan magariba, dattijuwar da nake haya a gidanta ta ƙwanƙwasa min ƙofa da makullin mota. "Yaro, ɗauko rigar sanyinka ka zo ka riƙe min faranti." Farantin cike yake da biskit ɗin da ta wuni tana gasawa. A lokacin ina karatun aikin gona a garin Ames na jihar Ayowa. Ba ni da ƙuri'a a Amurka, amma an yarda baƙo ya shiga taron fid da gwanin shugaban ƙasa na Dimokurat da za mu je, ya tsaya gefe, muddin zai kama bakinsa.

Mama, kamar yadda nake kiranta, tsohuwar ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ce, kuma 'yar ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan gwamnati, AFSCME, wadda tun watan Oktoba ta bayyana goyon bayanta ga Hillary Clinton. Ta ɗora koriyar rigar ƙungiyar a kan suwaita biyu. Makonni ke nan ina jin muryarta ta bango, tana bin jerin sunayen da aka aiko mata, tana buga wa mutane waya ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar wanda ke bukatar a ɗauko shi a mota.

Na zaci sakatariyar jam'iyya za mu, mai tuta da 'yan sanda a ƙofa. Ashe ɗakin wasannin wata makarantar firamare ne, mai kujeru 'yan ƙanana da babba ba ya zama a kansu sai gwiwarsa ta taɓa haɓa. Na ce, "Mama, ina shugaban jam'iyyar?" Ta nuna min wani maƙwabcinmu, tsohon malamin lissafi, wanda ranar Lahadi na gani yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidansa. Babu wanda aka nemi katin jam'iyya a hannunsa. Wanda bai taɓa zama ɗan Dimokurat ba, sai ya cike takarda a bakin ƙofa, shi ke nan ya zama. Har 'yan shekara 17 an bari, in dai za su cika 18 kafin babban zaɓen Nuwamba.

Ƙarfe 7 aka rufe ƙofa, aka ƙirga mutane, sannan aka ce kowa ya tafi kusurwar gwaninsa ya tsaya. Dariya ta ƙwace min. Ƙato bayan ƙato ke nan, irin wanda na gani ina yaro a zamanin Babangida, ga shi a tsakiyar Amurka, maƙwabci yana kallon inda maƙwabcinsa ya dosa.

Dokar a lokacin ita ce duk rukunin da bai kai kashi 15 cikin 100 na mutanen ɗakin ba, ya watse, mutanensa su nemi wata kusurwar. Nan kasuwa ta ci. 'Yan tsirarun da suka tsaya wa Joe Biden aka yi wa caa, kamar 'yan kamasho sun ga fasinja a tasha. A cikinsu akwai wani manomi, hularsa ɗauke da tambarin kamfanin iri, hannuwansa duk sun faffashe. Mama ta karɓe farantin daga hannuna ta nufe shi. Ya ɗauki biskit biyu, ya saurari bayaninta kan inshorar lafiya har ta gama, sannan ya zaro wata takarda a ninke daga aljihu, wadda ƙungiyarsu ta manoma ta aiko masa, ya ce shi tambayarsa ɗaya ce: itanol.

Itanol man mota ne da ake tatsa daga masara, kuma babu jihar da ta kai Ayowa noman masara. Mako biyu kafin wannan dare Shugaba Bush ya sa hannu a dokar da ta ce a riƙa cakuɗa irin wannan mai a fetur, har ya kai galan biliyan 36 a shekara zuwa 2022. Masu kamun ƙafa a Washinton ne suka yi ta zarya kafin a kai nan, amma ƙarfinsu na gaske yana ɗakuna irin wannan, domin a lokacin, tun 1972, Ayowa ce ke buɗe fagen fid da gwani, kuma mai son kujera ba ya son fara tafiya da faɗa da masu masara. John McCain na Rifablikan, da ya ƙi tallafin itanol, bai ma wahalar da kansa sosai a jihar ba.

Wata ɗaliba daga kusurwar Obama ta matso. Ta tuna wa manomin cewa dokar makamashi ta 2005, wadda ta fara ɗaure wa itanol gindi, Obama ya amince da ita a majalisar dattawa, Hillary kuwa ta ƙi. Ta ƙara da cewa Ilinoi, jihar Obama, ita ma ƙasar masara ce. Ya ninke takardarsa ya bi ta, da biskit ɗin Mama a bakinsa.

Ni dai abin da idona ya gani, jam'iyya ɗaki ta bayar da dokar ƙirga. Cika ɗakin aikin wasu ne. Ga masu korayen riguna, ga ma'aikatan ƙarfe da ƙungiyarsu ta bi John Edwards, ga matan da EMILY's List, mai tara wa mata 'yan takara kuɗi, ta yi ta aika wa wasiƙu. Sai dai kusurwar da ta fi cika ba ta waɗannan ba ce. Obama ya gina nasa zaren ne unguwa-unguwa, yawanci da yara sa'o'ina da ba su taɓa zuwa irin wannan taro ba, suna tafi suna buga ƙafa har malamin lissafi ya roƙe su su bari ya ƙirga.

A mota muka ji sakamakon jihar a rediyo: Obama kusan kashi 38, Edwards kusan 30, Hillary tana biye da shi da ƙiris. Biden da Chris Dodd suka janye a daren. A ɓangaren Rifablikan, inda ake rubuta suna a takarda a ɓoye, Mike Huckabee ne ya ci, da taimakon majami'u da iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida. Mama ta kashe rediyon, ba ta ce komai ba har muka isa.

A bakin ƙofa ta miƙo min farantin. "Cinye sauran, kar a yi asara biyu."

Saura kwana biyar zaɓen New Hampshire. Washegari da hantsi na sake jin muryarta ta bango, tana gaishe da wani, tana tambayarsa ko akwai mai kai shi rumfar zaɓe ranar Talata.