Seymour, Garin Da Ya Haifi Mawaƙin Manoma

Matafiyin da ya tashi daga birnin Indiyanafolis na ƙasar Amurka ya nufi kudu, bayan kamar mil 60 zai iske wani ɗan gari ana ce da shi Seymour. Gabas da yamma gonakin masara ne da waken soya, iyakar ganin ido. An kafa garin cikin 1852 a inda hanyoyin jirgin ƙasa biyu suka gitta juna, har yau kuwa jiragen kaya suna ratsa tsakiyarsa. Mutanensa sun ɗan haura 21,000 a ƙidayar 2020, da yawa daga cikinsu ma'aikata ne a masana'antun injuna da kayan mota.

A jikin wani bango cikin gari an zana ƙaton hoton wani mutum da jitarsa. Shi ne John Mellencamp, wanda aka haifa a nan cikin 1951. Yana cikin jigogin irin kiɗan da ake kira rok na tsakiyar ƙasa, tare da su Bruce Springsteen da Bob Seger. Kiɗan ba shi da ƙawa: jita ce da ganguna da murya mai kaushi. Ba sa wasa attajirai ko masu mulki, sai dai lebura da direba da saurayin da ya rasa aiki.

Abin da ya ƙara wa waƙoƙin kaifi shi ne masifar da ta auka wa manoma wajen 1980. Sun ci bashin banki sun sayi ƙasa da injuna, sai kuɗin ruwa ya hau, farashin hatsi da na gonaki ya faɗi. Dubban iyalai suna ji suna gani aka yi gwanjon gonakin da suka gada kaka da kakanni. Cikin 1985 Mellencamp ya fitar da faifan Scarecrow, watau mutum-mutumin gona, inda ya koka da wannan hali. A watan Satumba na shekarar kuma, shi da Willie Nelson da Neil Young suka shirya wasan Farm Aid a Champaign ta Jihar Ilinoi, aka tara miliyoyin daloli domin agaza wa manoma.

Waƙa dai ba ta mayar wa kowa gonarsa ba, amma ta sa mutanen birni sun san halin da masu ciyar da su ke ciki. Yanzu baƙi daga ƙasashen kudancin nahiyar, musamman Gwatamala, sun shigo Seymour neman abinci, suna kwana suna tashi a masana'antun garin tare da jikokin waɗancan manoma.