Bargon ƙyallaye a kwanakin hunturu

Ƴan uwana mata na ƙungiyoyin asusu, na cikin garin Dakoro da na Kornaka da Sabon Mashi da Birnin Lalle, har can Bermo, da duk inda takardar nan ta isa. Ina gaishe ku da ɗari, ina gaishe ku da ƙura.

Kowa a cikinmu ta san halin Disamba da Janairu a ƙasar nan. Iska ta taso daga gabas maso arewa, ta ratso Tarka babu abin da zai tare ta, ta kwana uku ko huɗu tana kayar da danga tana cika tulu da rairayi. Rana ta koma kamar farin faifai, kina kallonta ba ta kashe miki ido. Masana sun ce mafi yawan ƙurar daga gurbin wani tsohon tafki take tasowa a arewacin Cadi, wurin da ake kira Bodele. A irin wagga rana mai tuyar ƙosai ba ta fita, don in ta fita ƙasa za ta sayar ma mutane, mai fura kuma ta kife ƙwaryarta. Maza da yawa sun tafi biɗa, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Sai mu da yara da tsofaffi cikin ɗaka. Waɗannan kwanaki ne ƙungiyarmu ta mayar na ɗinkin bargo, bana hunturu na uku ke nan.

Wuta ce ta kai mu ga aikin. Wata ƴar ƙungiyarmu, maigidanta yana wajen biɗa, ɗiya huɗu gare ta, bargo ɗaya. Daren da ɗari ya tsananta ta shigar da kaskon garwashi ɗaki kamar yadda dukanmu muke yi, barci ya ɗauke ta, bakin zanen da ta lulluɓe autanta ya sauka cikin kaskon. Allah ya kiyaye rai, amma ƙafar yaron ta ƙone, sai da anka yi mako biyu ana kai shi likita wankin gyambo, kuma gobarar ta ci zanan ɗakin da buhun hatsin da ke ciki. Mun buɗe asusun taimako mun ba ta abin da ya samu. A taron da ya biyo baya ma'ajiyarmu, dattijuwa ce mai ƙarancin magana, ta ce kowa ta faɗi mutum nawa ke kwana ɗakinta, bargo nawa gare ta. Mu 27 ne. Mata biyar kaɗai sunka ce kowa a ɗakinsu yana da abin rufa. Sauranmu kasko ne bargonmu na biyu. Kuma kasko ba ƙuna kaɗai gare shi ba: ma'aikatan lafiya suna faɗa kullum cewa gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar wari wadda ke sa mutum ya wuce cikin barci.

Mun yi lissafin sayo barguna daga kasuwar Maradi da kuɗin asusu, a raba bashi. Da na rubuta jimlar a littafi sai ɗaki ya yi tsit, don kuɗin za su cinye rancen da mata ke jira na sayen awakin kiwo da gujiyar ƙuli. Nan ne wata ta tuna mana da buhunan ƙyallaye da teloli ke zubarwa bayan Salla, waɗanda yara ke kwasa suna naɗa ƙwallo. Mun aika mata biyu su zagaya rumfunan teloli, aka ba su kyauta har da godiya, wai an rage musu shara.

Bari in tsaya a kan ƙyalle, don a nan ne bargo ke gyaruwa ko ya lalace. Atamfa ta kaɗa zalla ita ce kan gaba: tana riƙe ɗumi, allura na shiga ba gardama, tana jure wanki. Shadda tana da kyan gani, amma sabuwa tauri gare ta, sai an wanke ta ta saki jiki. Leshi kuwa a bar ma yara su yi ma ƴartsana riga, iska ce ke wucewa ta cikinsa. Wanda nake hana wa ƙarfi da ƙarfi shi ne yadin roba mai santsi da ya cika kasuwa yanzu. Ki gwada da kanki: ki yanki ɗan ƙanƙane ki kai shi bakin wuta a tsakar gida. Na kaɗa zai ci ya zama toka, na roba zai narke ya dunƙule kamar leda, kuma haka zai manne a fatar yaro. Haka nan gidan sauro, ko ya tsufa, kada a cusa shi cikin bargo. Maganin sauro gare shi, kuma shi ma roba ne.

Kowane ƙyalle sai an wanke shi an shanya kafin ya ga allura. Wani yana zuba, ja da shuɗi sun fi yi, wani kuma yana tsukewa, in kin ɗinka shi ɗanye ranar wankin fari bargon zai murɗe. Bayan nan a yanka su kusurwa huɗu, faɗin taƙi ɗaya. Mu kwalin sukari munka yanka ya zama ma'auni, kowace mace da nata, don aikin mata biyu ya iya haɗuwa. A haɗa ƙyallaye su zama layi, a haɗa layuka su zama fuskar bargo. Wanga mataki mai keken ɗinki tana gama shi a wuni ɗaya, mai hannu kuwa sai ta ɗauki mako. Bayan bargo tsohon zane ne mai sauran ƙarfi, biyu a haɗe. Ciki kuma duk abin da ya gaji amma yake da tsabta: zannuwan da sunka koɗe, tsohon bargon da ya huje, rigunan sanyi na bosho a farke su a baje. A shimfiɗa hawa ukun a kan tabarma, a ɗora duwatsu a kusurwoyi, a fara ɗinki daga tsakiya ana yin gefe, allura ta shiga ta fito a miƙe, tsakanin layi da layi faɗin yatsu uku. Wadda ta fara daga gefe za ta iske tsakiya ya kumbura kamar cikin mai kabewa. In hawa ya yi kauri a ɗauko basilla da zare ninki biyu. A ƙarshe a kalmasa baki da dogon ƙyalle launi ɗaya.

Hunturu yana tsaga yatsu, zare kuma yana shiga tsagar. Man kaɗe da dare, da ɗan guntun fata a naɗe a yatsan da ke tura allura, su ne maganinmu. Ɗaki ɗaya muke taruwa, mu rataya tabarma a ƙofa, mata huɗu a kan bargo ɗaya, kowa da kusurwarta, yara na zura mana zare don idon wasunmu ya fara gajiya. Ni da nake riƙe da littafi na lura zubin mako bai taɓa cika a kan lokaci kamar na waɗannan makonni ba, tunda ba sai an bi kowa gida ba.

Ba kowa ta so abin ba da fari. Wata matashiya cikinmu ta ce, “Ni dai Inna, ba ni rufa ma ɗiyana tsumma, a ce gidanmu an rasa.” Wata ta ce kayan faci-faci sai mahaukacin kasuwa. Ban ga laifinsu ba, don kunyar talauci ciwo ce, kuma kishiya da dangin miji suna da ido. Ma'ajiyarmu ce ta amsa. Ta ce, “Ke ɗiyata, kin taɓa ganin hawan Salla a Maradi ko Tsibiri? Dokin da ya fi kowane kwarjini mi yake sanye da shi?” Lifidi take nufi. Shi ma hawa-hawa ne na tufa, an cusa audugar rimi a tsakani an bi da ɗinki, sau da yawa fuskarsa launi-launi ce da anka haɗa. Da shi barade na Gobir da Katsina da Barno suke shiga yaƙi, kibiya ta zo ta maƙale a cikin kaurinsa. Ɗinkin da ke kare dokin sarki daga kibiya shi muke yi don kare yaro daga ɗari. Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin lifidi shi ne babban abokin gabarsa wuta ce, don audugar rimi ba ta jinkirin kamawa, har abokan gaba kan harbo kibiya mai wuta. Shi ya sa mu ba mu sa ta a bargo, ko da an samu da araha. Ga kama wuta, ga dunƙulewa in ta sha ruwa.

A wani horo da anka yi mana an nuna mana hotunan matan wasu ƙasashe masu irin wanga aiki. A Bangaladash da gabashin Indiya mata na jera tsofaffin zannuwansu su bi da ƙananan ɗinki, suna kiransa kanta. A jihar Alabama ta Amurka kuwa, a 1966, matan baƙar fata na karkara, talakawa manoman kaɗa, sun kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta ɗinkin bargon ƙyallaye suna sayarwa birane, kuma barguna irin na yankinsu yau suna rataye a gidajen tarihi. Na ji daɗin labarin, amma ban ɗauke shi alkawari ba. Mu ma muna da namu abin da ya tashi daga nan ya zagaya duniya: tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maradi a 1991, yau ana bin sa a ƙasashe da dama.

Sai maganar sayarwa, inda munka fi ja-in-ja. Wasu sun so mu kai na farko kasuwa tun da zafinsu. Ni na tsaya a kan cewa babu bargon da zai fita sai kowane ɗaki na ƴan ƙungiya ya wadatu, aka kaɗa ƙuri'a, ra'ayin ya wuce da ƙyar. Dalilina na lissafi ne. Bargon kamfani da ake shigowa da shi daga Sin yana da laushi da zanen furanni, kuma in kin ƙirga kwanakin da mata huɗu sunka yi a kan namu, ba za mu iya karya masa kuɗi ba. Matar gari mai kuɗi a hannu shi za ta ɗauka, amarya ma shi take so a jerenta. Ribar namu tana cikin abin da bai fita daga aljihu ba: itacen da ba a ƙona da dare ba, da rancen da ya tafi ga akuya maimakon ya tafi ga bargo.

Masu saye sun zo daga inda ba mu zata ba. A hunturu na biyu, da munka baje ragowar shida ranar kasuwa, matan Fulani da na Buzaye daga wajen Bermo da Gadabeji sunka tsaya suna ɗaga su suna auna nauyi. Su da ke kwana a fili sun san bargon kamfani yana kwasar ƙarangiya kuma iska na ɗaga shi, namu kuwa yana da nauyi, yana kwanciya a jiki, ana karkaɗe shi ƙaya ta zube. Biyu an biya da kuɗi, sauran an yi musaya da man shanu da cuku, mu kuma munka sayar. Tsarinmu shi ne kashi ɗaya cikin uku ya shiga akwati don zare da allura da sabulu, sauran a raba ma waɗanda sunka ɗinka bisa kwanakin da kowa ta zauna, kuma ina rubuta kwanakin a gaban kowa. Duk shekara muna ware biyu sadaka ga almajiran unguwa, su da ke kwana a zaure babu ƙyaure.

Bana wata matsala ta taso. Teloli sun ga abin da sharar tasu ta zama, wasu sun fara cewa buhu sai da kuɗi. Ƴan ƙungiya sun rabu biyu: masu cewa a biya tun kafin wasu su riga mu, da masu cewa in mun biya sau ɗaya farashi ba zai ƙara sauka ba. Akwai shawara ta uku, a ba kowane tela bargo ɗaya a shekara shi kuma ya aje mana ƙyallayen Salla ƙarama da babba, na kaɗa a ware daban. Ita na fi so, ita zan kawo a taron mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ƙungiyar da ke son ganin aikin da idonta ta aiko mata biyu da tsofaffin zannuwansu wankakku, zare da basilla muna da su.