Takardun da Suka Rage Bayan Kisan Olof Palme

Daga ƙofar gidan silima na Grand zuwa kwanar da aka harbe firaministan Suwidin Olof Palme tafiyar 'yan mintuna ce a kan titin Sveavägen, a tsakiyar birnin Stockholm. Mai masaukina, wani Badamagare da ya daɗe a Suwidin yana tuƙin bas, shi ya dage sai mun taka wurin da ƙafa kafin in zauna kan takardu. Titi ne mai faɗi, ga fitilu, ga kantuna hagu da dama, babu wani lungu da za a ce mutum ya laɓe. A daɓen da masu tafiya a ƙasa ke bi an dasa wani allon ƙarfe ɗauke da sunan mamacin da ranar da aka kashe shi. Mutane na wucewa ta kansa da ledojin cefane.

A nan ne, daren Juma'a 28 ga Fabrairu 1986, da ƙarfe 11:21, wani ya biyo firaministan ta baya ya harbe shi da libarba. Shi da matarsa Lisbet sun fito kallon fim ne. Jirgin ƙarƙashin ƙasa suka hawo daga gida kamar kowa, babu mai tsaron lafiya ko ɗaya tare da su, domin tun da rana ya sallami masu gadinsa. Harsashi na biyu ya gogi bayan Lisbet. Maharbin ya kutsa wani siririn titi mai suna Tunnelgatan, ya haye matakala mai hawa 89. Mun hau ta. A can sama hanya ta rabu gida uku, kuma daga nan sawunsa ya fara ɓacewa.

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane, kuma duk wanda ya karanta abin da ya faru a wannan dare zai ga inda aka bar gini ya bushe. 'Yan sanda sun killace wuri ɗan ƙanƙani, masu makoki suka riƙa matsowa suna jefa furanni kusa da jinin. Ba a toshe hanyoyin fita gari nan take ba. Sanarwar da ake aika wa dukkan 'yan sandan ƙasa ba ta fita ba sai bayan ƙarfe biyun dare. Harsasai biyun da aka harba, masu lamba .357, ba ɗan sanda ne ya tsince su ba. Masu wucewa ne suka gan su, ɗaya washegari, ɗaya kwana biyu bayan kisan. Bindigar kuwa har yau ba a same ta ba.

Abin da aka rasa a daren farko shi aka yi shekara 34 ana neman cike gurbinsa da takarda. Ranar 10 ga Yuni 2020, da aka rufe binciken, hukuma ta faɗi yawan abin da ta tara: zaren bincike 22,430, mutane kusan 90,000 da suka shiga cikin fayil ta wata hanya, fiye da 10,000 da aka yi wa tambayoyi, bindigogi 788 da aka gwada harbawa. Mutum 134 sun ce su suka kashe shi, 29 daga ciki da bakinsu suka faɗa wa 'yan sanda. Idan aka jera fayilolin a kan kanta, tsawonsu ya kai mita 250.

Ban shiga ma'ajiyar 'yan sanda ba, ba a shigar da baƙo. Inda na ga takardun shi ne falon wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda mai masaukina ya sani ta wurin aiki. Yana cikin mutanen nan da suka mai da binciken kisan Palme aikin rayuwarsu ba tare da kowa ya sa su ba. Suna da yawa a Suwidin, wasu 'yan jarida, wasu ma'aikata da suka yi ritaya, har marubucin nan Stieg Larsson ya shafe shekaru yana bin sawun maganar kafin rasuwarsa. Dattijon ya sauko mana da manyan fayiloli daga saman kabad, ya zaunar da ni kusa da taga, yana karantawa yana fassara mini.

Shafin farko da ya miƙo mini kwafi ne na rubutun tafireta. A sama akwai haruffa da lamba, alamar sashen da aka jefa maganar. Sai kwanan wata, da lokacin da aka buga waya, da sunan jami'in da ya ɗauka. Inda sunan mai kiran ya kamata ya fito an shafe da baƙi, haka adireshinsa, haka sunan wanda yake zargi. Tsakanin waɗannan baƙaƙen layuka sai 'yan jimloli: ya ga wani mutum tsaye a bakin wata ƙofa da daddare, riƙe da oba-oba, sanye da doguwar kwat mai duhu. Shi ke nan. A gefen takardar wani ya yi ɗan rubutu da biro. Na tambaya ko an koma wurin mai kiran. Dattijon ya buɗe shafi na gaba, wata magana ce daban.

Maganar masu oba-oba ta cika fayilolin. Mutane da dama, waɗanda ba su san juna ba, sun ce sun ga maza riƙe da ita a unguwannin da ke kewaye, kafin harbin da bayansa. Daga irin waɗannan rahotanni ne zargin cewa akwai hannun wasu 'yan sanda ya samo ƙarfi, kuma har yau ba a warware shi yadda kowa zai gamsu ba. Amma kusa da irin wannan shafi za ka tarar da na matar da ta ce tsohon mijinta ya tsani Palme kuma yana da bindiga, da na wanda maƙwabcinsa ya aske gashin baki a makon, da na masu mafarki da masu duba. Rumbu ne da aka zuba tsaba da ƙaiƙayi tare, aka rufe ba a sheƙe ba. Kuma ban ga laifin masu kiran ba. An kashe musu shugaba a titin da suke bi kullum, hukuma ta ce duk wanda ya san wani abu ya faɗa, suka faɗa. Mutumin da ya ɗaga waya ya ba da sunansa da adireshinsa ga ɗan sanda, ya yi haka ne don ya yarda ba za a juyo kansa ba. Wannan yarda dukiya ce, kuma ita na fi gani a shafukan.

Hukumar ce ta buɗe wa kanta ambaliyar. Kusan mako guda bayan kisan aka fitar da wani zanen fuska da aka haɗa daga bayanin wata mata da ta ga wani mutum a wani titi, ba a wurin harbin ba. Babu tabbacin cewa wanda ta gani shi ne maharbin. Amma hoton ya shiga jaridu da talabijin, dubban mutane suka riƙa kira suna cewa ya yi kama da wane. Daga baya gwamnati ta sa tukuicin kurona miliyan 50, kira ya ƙaru. Jami'an da ya kamata su zauna da shaidun da suka tsaya taku kaɗan daga gawar, su sake tambayarsu tun abin bai dushe musu ba, sai suka koma masu rubuta saƙon waya.

Akwai waɗanda wannan tarin takarda ya danne. Na farko wani ne da jaridu suka riƙa kira ɗan shekara 33, wanda aka kama cikin Maris 1986 saboda an san shi da zagin Palme. An sake shi babu hujja, amma zaman ƙasar ya gagare shi, ya koma Amurka. Sai Kurdawa. Shugaban 'yan sandan Stockholm, Hans Holmér, wanda ya karɓi ragamar binciken da kansa, ya kafe a kan cewa ƙungiyarsu ta PKK ce. A Janairu 1987 aka yi samame aka kwashi kimanin mutum 20, aka sake su kusan nan take don babu abin riƙewa, Holmér ya sauka. Kusan shekara guda ta tafi a haka. A 1988 aka gano wani mai buga littattafai, Ebbe Carlsson, yana ci gaba da bin wannan zare a ɓoye da takardar goyon baya daga ministar shari'a Anna-Greta Leijon, abin da ya ci kujerarta.

Mutum ɗaya kaɗai aka taɓa gurfanarwa, Christer Pettersson, mashayi mai tarihin aikata laifi. Lisbet ta nuna shi a cikin jerin mutane da aka ɗauka a bidiyo. Kotun farko ta same shi da laifi a 1989, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a shekarar. Babban dalili yana cikin takardun 'yan sandan kansu: kafin a nuna mata jerin an riga an gaya mata wanda ake zargi mashayi ne. Shaidar da ta fi kowace nauyi, ta matar da ke gefensa lokacin da ya faɗi, masu bincike ne suka lalata ta da hannunsu. Pettersson ya mutu a 2004.

Zaren da ya fi jan hankalina shi ne na Afirka ta Kudu. Gwamnatin Palme tana cikin manyan masu tallafa wa ANC, ƙungiyar da ke yaƙi da wariyar launin fata a can, da kuɗi, kuma mako guda kafin a kashe shi ya yi jawabi a wani babban taron yaƙi da wariyar launin fata a Stockholm, shugaban ANC Oliver Tambo na wurin. A 1996 Eugene de Kock, tsohon kwamandan rundunar kisa ta gwamnatin wariya, ya faɗa a gaban kotu cewa jami'an leƙen asirin ƙasarsa na da hannu. Masu bincike sun je Afirka ta Kudu, sun dawo babu hujjar da za ta tsaya a kotu. Wannan ma fayil ne a kan kanta.

Yadda aka yi duk wannan ya zo falon tsohon malamin makaranta shi ne abin da baƙo zai fi jinjinawa. Tun 1766 Suwidin take da dokar da ta ba jama'a damar ganin takardun hukuma. Muddin bincike na gudana ana iya rufe su, amma da aka rufe shi a 2020 sai kowa ya samu damar nema. Kana rubutawa, jami'i ya duba shafi-shafi ya shafe abin da zai cutar da wani, ka biya kuɗin kwafi, ka jira, wani lokaci jira mai tsawo saboda yawan masu nema. Tun kafin nan ma, a 1999, wani kwamitin gwamnati ya fitar da rahoto mai ɗaruruwan shafuka yana zayyana kurakuran 'yan sanda ɗaya bayan ɗaya. Yawancin gazawar da na lissafa a sama, daga takardun hukumar aka san ta. Ba su ƙona ba, ba su ce ruwa ya ci ba.

A hanyarmu ta komawa mai masaukina ya daɗe bai ce komai ba, sai can ya ce, "Malam, ka tuna Bare?" Ibrahim Bare Mainasara yake nufi, shugaban ƙasar Nijar wanda aka harbe a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999, aka kuma rubuta afuwa ga masu hannu a ciki a kundin tsarin mulkin da ya biyo baya. Ni kuma ɗan jaridar Najeriya Dele Giwa ne ya faɗo mini, wanda bam ɗin wasiƙa ya kashe a Ikeja cikin Oktoban shekarar da aka kashe Palme, da Bola Ige, ministan shari'a na Najeriya, da aka harbe a gidansa a Ibadan a Disamba 2001. A cikin waɗannan ma akwai waɗanda suka ga wani abu. Ina so in san ko an rubuta, in kuma san inda takardar take.

Sai dai buɗe ma'ajiya ba ya dawo da abin da aka yi sakaci da shi. Mutumin da babban mai gabatar da ƙara Krister Petersson ya ambata a 2020 a matsayin wanda yake zargi, ma'aikacin zane ne a kamfanin inshora na Skandia, wanda gininsa ke daf da wurin harbin. Na'urar ofis ta nuna ya tashi aiki 'yan mintuna kafin harbin. Shi da kansa ya kira 'yan sanda washegari ya ce yana wurin, ya yi hira da 'yan jarida, har ya ba da shaida a shari'ar Christer Pettersson. Masu binciken farko suka ɗauke shi mai neman suna, suka ajiye shi gefe, lokacin hankalinsu na kan Kurdawa. Ya mutu a 2000. Da aka dawo kansa bayan shekara 20, babu bindiga, babu sabuwar shaidar gwaji, sai tsofaffin maganganunsa da ba su dace da na sauran shaidu ba. Da yawa daga 'yan ƙasar ba su gamsu ba, kuma dattijon da ya karɓe ni yana cikinsu.

Na zaɓi kada in rubuta sunan mutumin, ko da yake duk Suwidin ta san shi. Ba a taɓa gurfanar da shi ba, kuma ba ya raye balle ya kare kansa. Idan shi ne, to tun 1 ga Maris 1986 yana cikin fayil, ya kawo kansa, aka sallame shi. Idan ba shi ba ne, an ɗora wa mamaci da danginsa kisan firaminista a gaban talabijin. Tambayoyin da za su raba gardamar, inda ya tsaya, wa ya gan shi, me ya sa a jikinsa, yaushe ya koma ofis, a makon farko ya kamata a yi su, lokacin da abokan aikinsa da masu gadin ginin suke tune da komai.